Daga Kogin Hila zuwa Chinle, Ƙasar da Talauci Ke Zuwa da Ƙiba

Shekara shida na yi ina aikin jinya a ɗakin yara masu tamowa a wani asibiti a jihar Jigawa, kafin Allah Ya nufe ni da tafiya ƙaro karatu a Arizona ta Amurka. A shekarun nan babu abin da hannuna ya saba da shi kamar ɗan tsirin awon nan mai launi uku da muke naɗawa a damtsen yaro. In ya tsaya kan ja, wato ƙasa da santimita 11.5, uwa ba ta jiran bayani, fuskata kaɗai ta ishe ta. Don haka a wurina talauci kamanni ɗaya gare shi: haƙarƙari a waje, gashi ya yi ja, ido ya faɗa. Yaro mai kumatu kuwa tubarkalla ake ce masa, amarya in ta yi jiki a ce gidan miji ya karɓe ta. Da wannan idon na sauka birnin Finiks.

Ajinmu ɗaya da ƙawata a sashen kiwon lafiyar al'umma. 'Yar ƙabilar Nabaho ce, su dai Diné suke kiran kansu, ma'ana mutane. Su da sauran ƙabilun asali na Amurka ne muka taso muna kira Jajayen Indiyawa, muna ganin su a finafinan kaboyi da gashin tsuntsu a ka. Sunan ba ya yi musu daɗi, tun makon farko na cire shi daga bakina. Wata rana malami ya haska mana alƙaluman hukumar da ke kula da lafiyar waɗannan ƙabilu. A 2015, cikin yaran da ke zuwa asibitocinta masu shekara 2 zuwa 19, kashi 29.7 cikin ɗari suna da ƙiba mai cutarwa, alhali a ƙasar baki ɗaya abin bai kai kashi 20 ba. Na ɗaga hannu na yi tambayar da ke raina tsakani da Allah: in har yara suna samun abin da za su ci su yi ƙiba, to ina talaucin da ake magana? Ƙawata ba ta tanka ba a aji. Sai da muka fito ta ce, "Ke, Juma'a mai zuwa zan je gaida kakata. Ki haɗa kayanki mu tafi tare."

Gidansu can arewa yake, amma da safiyar Juma'ar, cikin watan Afrilu, sai ta miƙi hanyar kudu, ta ce akwai abin da take so in fara gani. Ba mu yi tafiyar awa ɗaya ba muka hau wata doguwar gada. Na leƙa ƙasa, babu ko ɗigon ruwa, sai rairayi da ƙananan ƙayoyi da sawun taya. Ta ce wannan shi ne kogin Hila, wanda ake rubutawa Gila. Mutanen wurin Turawa suna ce musu Pima, sunansu na ainihi kuwa Akimel O'odham, wato mutanen kogi. Gabana ya faɗi. Ni 'yar Haɗeja ce, na taso ina jin dattawa suna ba da labarin yadda ruwa ke cika fadamu kafin a gina dam ɗin Tiga a 1974, na san halin da mutanen ƙasan kogi ke shiga in an tare shi daga sama.

Kakannin mutanen nan manoman rani ne tun kafin Bature ya san da wannan nahiya. Da hannu suka haƙa magudanan ruwa masu tsawon ɗaruruwan kilomita, suna noma masara da wake da kabewa da auduga, daga baya suka ƙara da alkama. A tsakiyar ƙarni na 19 rumbunansu ne suka ciyar da ayarin masu wucewa Kalifoniya neman zinariya, har sojojin Amurka a wurinsu suke sayen alkama. Daga wajen 1870 baƙin manoma suka yi sansani a saman kogin, wajen Florence da Safford, suna janye ruwan zuwa gonakinsu. Kafin ƙarnin ya ƙare gonakin Pima sun bushe, yunwa ta shiga gari, manoma suka koma sarar itace suna sayarwa. An gama dam ɗin Coolidge a 1928 da alkawarin maido musu da ruwa, amma abin da ya iso gare su bai taka kara ya karya ba. Abin da ya maye gurbin gona shi ne rabon gwamnati: farar fulawa, sukari, kitse, daga baya kayan gwangwani.

Muka shiga Sacaton, hedikwatar al'ummar, muka tsaya a inuwa. Ƙawata ta nuna min wani gini da baki, irin yadda suke nuni, don su ba sa nuna abu da yatsa. Cibiyar wankin ƙoda ce. Akwai wata kuma a yammacin ƙasar tasu, ga al'ummar da mazaunanta ba su kai dubu 15 ba. Ta ce tun 1965 masu bincike daga cibiyar lafiya ta gwamnatin Amurka suka fara auna mutanen nan duk bayan shekara biyu, suka yi fiye da shekara 40 suna yi. Sun gano cewa kusan rabin waɗanda suka haura shekara 35 suna da ciwon suga. A cikinsu aka fara ba da rahoton ciwon suga irin na manya a jikin yara, a 1979. Hatta ma'aunin da likitocin duniya ke amfani da shi wajen tabbatar da ciwon, akwai jinin mutanen nan a cikin ginin sa. Muryarta ta canza da ta zo nan. Ta ce duniya ta koyi ciwon suga a jikinsu, su kuma suna nan suna layin wankin ƙoda.

Na ce mata ko gado ne, jininsu ne haka. Ta ce akwai gado, amma in saurara. Pima suna da 'yan uwa na jini a duwatsun jihar Sonora ta Meziko, wajen wani ƙauye Maycoba, waɗanda a lokacin da aka auna su suna noma da hannu, suna cin wake da masarar gonarsu. Binciken da aka wallafa a 2006 ya samu ciwon suga a kashi 6.9 cikin ɗari na waɗancan, na Arizona kuwa kashi 38. Asali ɗaya ne. Wannan lissafin ne ya fara kwance min kai.

Kafin mu bar wurin ta zaga da ni ta bakin wata magudana mai ruwa fal, gefenta gona kore shar. Bayan shari'a ta shekaru masu yawa, wadda lauyansu Rodney Lewis ya ja ragamarta, majalisar Amurka ta yi doka a 2004 da ta ba su haƙƙin ruwa kimanin lita biliyan 800 a shekara. Wasu sun koma noma waken kakanninsu, ɗan ƙaramin wake mai jure fari da ake kira tepari. Na sayi ƙulli ɗaya a hannun wata mata. Ruwan ya dawo bayan fiye da shekara ɗari, amma jikin mutane ba ya juyawa da saurin buɗe famfo.

Daga nan muka juya arewa. Finiks zuwa Flagstaff kilomita 230 ne, mafi yawansa hawa. Muka bar dogayen itatuwan ƙaya masu hannuwa a ɗage kamar mai shirin kabbara, muka shiga daji mai sanyi, tsayin mita 2,100, ga ƙanƙara fara fat a kan dutsen da Diné suke ɗauka a matsayin iyakar ƙasarsu ta yamma. A Flagstaff ƙawata ta shiga babban kanti ta yi sayayya kamar mai shirin biki: lemon zaƙi buhu guda, kabeji, karas, albasa, tuffa, ƙwai, jarkokin ruwa shida, da ƙanƙara da ta zuba a kula. Na ce, "Ƙawata, duk wannan na kwana biyu?" Ta ce na wata ɗaya ne, kuma ba zai kai ba.

Da muka tsallaka cikin ƙasar Nabaho agogon wayata ya ƙara awa ɗaya, domin su suna sauya lokaci da bazara, jihar Arizona kuwa ba ta yi. Ƙasa ce mai shugabanta da majalisarta a Window Rock, da kotunanta da 'yan sandanta. Faɗinta ya kai murabba'in kilomita dubu 71, kusan girman jihar Borno, mazaunanta wajen mutum dubu 170. A lokacin, a duk wannan faɗin, manyan kantunan da za ka shiga ka samu ɗanyen kayan miya da 'ya'yan itace ba su wuce 13 ba. Mai karatu ya ɗauki Borno tun daga Biu har bakin tafkin Chadi, ya ce wuri 13 kacal ake sayar da tumatir.

Bayan Ganado muka ɗauki hanyar Chinle, can muka sauka daga kwalta. Minti arba'in muna gwaguye a turɓaya mai ja, iska tana kaɗa ƙura kamar ta hunturu. Duhu ya shiga muka isa. Ƙaramin gida ne na katako, gefensa ɗakin gargajiya na itace da ƙasa da suke kira hogan, ƙofarsa tana kallon gabas, bayansa garken tumaki. Babu wayar lantarki, sai fitilar sola ɗaya a kan tebur. Kakar ta fito cikin rigar karan-miski da dogon siket, ta miƙo min hannu a hankali, taɓawa kawai ba matsewa, ta ce "Yá'át'ééh." Ba ta tambayi sunana ba. Ta sa jikarta ta tambaye ni dangin uwata su wane ne, sannan na ubana, domin su ta wajen uwa ake gadon dangi, kuma mutum ba ya gabatar da kansa sai ya ambaci dangi huɗu. Na ce mahaifiyata Bafulatana ce, mutanen shanu. Tsohuwar ta gyaɗa kai, ta ce ashe na san dabba. Daga nan na koma kiran ta Shimásání kamar yadda jikokinta ke yi, wato Kaka.

A gidan akwai yarinya 'yar shekara 13, ɗiyar yayar ƙawata. Mai jiki ce, doguwa, ba ta da yawan magana, kuma tun da muka zo tana cikin riga mai hula da ta ja har haɓa. Ɗaki ɗaya aka ba mu. Da za ta kwanta ta cire rigar, hasken fitila ya faɗa bayan wuyanta, na ga wani baƙin zobe mai kauri, fatar ta yi laushi kamar karan-miski, ya zagaye wuyan ya gangara hammata. Ta lura na gani, ta yi maza ta rufe da gashi. Daga baya ta ce min a makaranta yara suna cewa ba ta wanka. Mahaifiyarta ta yi ta dirza wurin da soso da sabulu har ya yi jini, bai fita ba.

Ba zai fita da soso ba, domin daga ciki yake. In jiki ya tara kitse, musamman a ciki da hanta, tsoka da hanta sukan daina jin kiran insulin, sinadarin da ke buɗe wa suga ƙofa ya bar jini ya shiga naman jiki. Sai gaɓar da ke samar da shi, wadda likitoci ke kira pancreas, ta ninka aiki. Yawan insulin ɗin nan a jini shi ke sa fatar wuya ta yi kauri ta yi duhu. Alama ce da ke zuwa tun kafin ciwon ya bayyana, kuma na tuna wuyan mata nawa na gani haka a gida ina ɗauka zafin rana ne. Ita yarinyar bara aka tabbatar mata da ciwon suga, tana shan ƙwayar metformin safe da yamma. Mahaifiyarta ta yi ciwon suga lokacin da take ɗauke da cikinta. A binciken Pima an gwada 'yan uwa ciki ɗaya, wanda aka haifa kafin uwa ta kamu da wanda aka haifa bayan ta kamu, aka ga na bayan ya fi shiga haɗarin ƙiba da ciwon tun yana ƙarami. Wato yarinyar nan ta fara ɗaukar kayan tun ba ta san ɗanɗanon komai ba.

Abin da ya hana ni barci a daren shi ne sanin cewa ciwon ya fi gudu a jikin yaro fiye da na dattijo. Wani dogon bincike a Amurka ya bi matasan da suka kamu tun suna yara, ya tarar a wajen shekara 26 shida cikin goma sun riga sun samu illa a ƙoda, ko ido, ko jijiyoyi. Ina kwance ina jin numfashinta ina lissafi: shekara 13 nan gaba, lokacin da sa'o'inta ke goyon ɗan fari.

Asabar da safe muka tafi ɗebo ruwa. Kusan gida ɗaya cikin uku a ƙasar Nabaho ba shi da ruwan famfo. Kawun yarinyar ne ke wannan aikin, amma ranar ranar wankin ƙodarsa ce, sau uku yake zuwa a mako, don haka mu muka ɗora durom biyu a bayan a-kori-kura. A hanya muka wuce wata rijiya mai farfela, tumaki suna sha a kwami. Na ce ga ruwa kusa. Ƙawata ta ce na dabbobi ne, ba a tace shi ba, kuma mutane da yawa suna tsoron irin waɗannan rijiyoyi. Tsakanin 1944 da 1986 an haƙi ma'adinin yuraniyom tan kusan miliyan 30 a ƙasarsu, aka tafi aka bar musu ramuka fiye da 500, wasu rijiyoyin kuma an auna an samu gubar a ciki. Muka yi kusan awa ɗaya kafin mu kai famfon gwamnati, muka bi layi. Muna jira ta ce, "Ke da kike ma'aikaciyar jinya, faɗa min. Ruwan da ke kusa ba ki yarda da shi ba, wanda kika yarda da shi sai kin ƙona mai awa biyu. Yaro ya ce ƙishirwa, ga katan ɗin lemon gwangwani mai araha a ƙarƙashin gado. Me za ki miƙa masa?" Gwangwani ɗaya yana ɗauke da sukari kusan ƙaramin cokali goma. Ban ba ta amsa ba.

A hanyar dawowa muka tsaya shan mai, na shiga shagon gidan man, wanda shi ne kantin da ya fi kusa da gidan Kaka. Na bi shi layi-layi da idon mai aikin abinci mai gina jiki. Soyayyen dankali na leda mai jan yaji, bango guda. Lemo kala-kala, firji biyar. Naman gwangwani, taliyar leda, biskit, alewa. Kusa da mai karɓar kuɗi akwai ɗan kwando da ayaba huɗu da suka fara baƙi, kowace ɗaya kuɗinta ya kusa na babbar kwalbar lemo. Ban ga laifin uwar da ta wuce kwandon ba. Gidan da babu firji, kuɗi kuma sau ɗaya suke shigowa a wata, dole a sayi abin da ba ya lalacewa kuma yake cika ciki. A ƙauyukanmu matalauciya takan zaga bayan gida ta tsinko zogale ko tafasa ko rama, ranar kasuwa ta samu kuka da kuɓewa da daddawa na kuɗi kaɗan. Nan babu wannan. Yaron yana ƙoshi, amma abin da jiki ke nema bai samu ba, sai nauyi. Na tuna kwandon abincin makarantar 'ya'yan ƙanena a Kano, taliyar leda da lemon kwali kullum, raina ya ɓaci.

Na tambayi yarinyar yaushe take wasa. Ta ce ƙarfe biyar take tashi, motar makaranta takan yi awa ɗaya da rabi a hanya, in an yi ruwa taɓo ya hana ta zuwa gaba ɗaya. Kafin ta dawo rana ta yi sanyi, gida mafi kusa mai yara sa'anninta yana da nisan kilomita da yawa, ga karnukan da ba su da masu su suna yawo. Sai waya.

Da la'asar suka kai ni bakin kwazazzabon Tséyi', wanda Turawa ke kira Canyon de Chelly. Jan dutse ne ya tsage ya yi zurfi, can ƙasa ana hango 'yan gonaki da rafi. Kaka ta zauna a kan dutse ta yi magana da harshensu, jikarta tana fassara min. A cikin kwarin nan kakanninsu suke noma masara, suna da dubban itatuwan fic, wani ɗan itace mai zaƙi da ƙwallo a ciki. A 1864 sojojin Amurka da ke ƙarƙashin Kit Carson suka ƙone gonaki, suka kashe tumaki, suka sassare itatuwan, don yunwa ta fito da mutane. Ta kuwa fito da su. Aka kora mutum fiye da dubu 8 a ƙafa, tafiyar da ta haura kilomita 480, zuwa wani sansani a Niyu Meziko da Turawa ke kira Bosque Redondo, su kuma suke kira Hwéeldi. Shekara huɗu suka yi a tsare, fiye da mutum dubu 2 suka mutu, sai a 1868 aka sa hannu kan yarjejeniya suka dawo gida. A sansanin ne aka riƙa ba su fulawa da gishiri da kitse, abubuwan da ba su saba da su ba, mata suka kwaɓa suka soya don 'ya'yansu su rayu.

Kaka ta ƙara da abin da mahaifiyarta ta gani da idonta. A shekarun 1930, zamanin da John Collier ke shugabancin ofishin harkokin ƙabilun asali, gwamnati ta ce dabbobinsu sun yi yawa suna cinye ƙasa, ta tilasta rage su. Wasu aka saya da kuɗi kaɗan, wasu aka harbe aka bar su suna ruɓewa. Jikar Fulani ba ta buƙatar a fassara mata wannan. Tumakin su ne nama da nono da ulun saƙa, kuma kiwonsu ne ke sa yaro ya wuni yana tafiya a ƙafa.

Da daddare Kaka ta soya mana wannan gurasar ta tarihi. Ta kwaɓa fulawa da gishiri da ruwan ɗumi, ta gutsuro curi, tana jefa shi daga tafi zuwa tafi har ya yi faɗin faranti, ta huda tsakiya da yatsa, ta sake shi cikin mai. Ya kumbura nan take ya yi ja kamar babban fanke. Saboda ni ta wanke kasko ta zuba man gyaɗa maimakon kitse, tun da jikarta ta gaya mata abin da addinina ya hana. Daɗi gare shi ƙwarai. Na ga yarinyar ta yanki rabi ta ture sauran, tana satar kallon innarta. Ƙawata ta raɗa min cewa ta san illarsa sarai, amma ba ta da bakin da za ta ce wa kakarta ta daina yin abincin da ya raya kakanninta a tsare. Na fahimce ta. Wanda zai zo daga birni da takardar jerin abincin da aka hana, bai san me yake taɓawa ba.

Su ma ba zaune suke ba. A 2014 majalisar Nabaho ta yi dokar da ta ɗora harajin kashi 2 cikin ɗari a kan lemo da alewa da soye-soyen leda, aka kuma cire haraji daga kan ɗanyen ganye da 'ya'yan itace da ruwan sha. Ba a taɓa yin irin ta a Amurka ba kafin nan, kuma a 2020 suka sabunta ta. Kuɗin ana raba wa gundumominsu 110 don lambuna da hanyoyin motsa jiki da makamantansu. A ganina kashi 2 ba zai hana mai ƙishirwa sayen lemo ba, sai an kai famfo gida. Amma na ga lambun da aka kewaye da waya a bayan ofishin gundumarsu, na ga matan da ke zagaya filin da aka share. Akwai kuma shirin musamman na ciwon suga da majalisar Amurka ta kafa wa ƙabilun asali a 1997, wanda ya zuba kuɗi a asibitoci da ma'aikatan da ke bin gida-gida. Tsakanin 1996 da 2013, mutuwar ƙoda sanadin ciwon suga a cikinsu ta ragu da kashi 54 cikin ɗari. Duk mai cewa mutanen nan ba sa jin magana, wannan adadin ya ishe shi amsa.

Lahadi na tashi sallar asuba cikin sanyi mai shiga ƙashi. Da kofi ɗaya na yi alwala, tun da na ga inda ruwan ya fito. Ina sallamewa na hango Kaka tsaye a ƙofar hogan tana fuskantar gabas, tana barbaɗa farin garin masara tana addu'arta. Yarinyar kuma tana ɗaura igiyar takalmi. Al'adarsu ce a tari alfijir da gudu. Bara da ta fara al'ada aka yi mata bikin kinaaldá, kwana huɗu tana gudu wajen gabas, kowane gudu ya fi na baya nisa, dangi suna bin ta a baya. Tun daga lokacin, duk ranar da innarta ta zo sukan fita tare. Na tsaya ina kallon su har suka zama ɗigo biyu a kan jan tudu.

Kafin su dawo Kaka ta ɗora tukunya. Garin masara ne shuɗi, ta jiƙa tokar wani itace da ake kira junifa, ta tace ruwan ta zuba, tana damawa da 'yan sanduna ɗaure wuri ɗaya. Tokar tana ƙara wa kunun sinadarin da ke gina ƙashi. Na ce a gaya mata mu ma muna dama kunun kanwa, muna kuma tace ruwan toka mu sa a miya. Ta yi dariya har ta rufe baki da hannu, ta ce a tambaye ni ko mu ma jikokinmu sun fi son na leda.

Yarinyar ta dawo tana haki, fuskarta ta yi ja, ta zauna kusa da ni ta huda yatsa ta ɗiga jini a kan ɗan injin awon suga. Ina neman abu a jakata sai tsirin awon nan na Jigawa ya faɗo, wanda ban taɓa rabuwa da shi ba. Ta ɗauka ta tambayi amfaninsa, na yi mata bayanin ja da rawaya da kore, na ce na yara ne 'yan ƙasa da shekara biyar. Ta juya shi a hannu, ta ce, "Anti, waɗanda suka faɗa kan ja suna warkewa?" Na ce yawancinsu suna warkewa cikin mako shida zuwa takwas in an samu abincin. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ni fa?" Na gaya mata gaskiya, nata ba ya tafiya haka, amma ana riƙe shi shekara da shekaru, kuma gudun da ta yi yanzu yana cikin maganin. Ta gyaɗa kai, ta miƙo min tsirin. Ta haɗiye ƙwayarta da cokalin kunu, ta juya ta ce wa innarta in za ta dawo wata mai zuwa ta ƙaro lemon zaƙi, na wancan karon kwana tara kawai ya yi.